Ki Daure Kawai

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe biyu da kwata na rana

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na wurin ginin madatsar ruwa. Inna tana raye, tana cikin hayyacinta, yanzu haka tana kwance a ɗakinta. Na fara da wannan ne don kada hankalinka ya tashi kafin ka kai ƙarshen takarda.

Yau da ƙarfe tara saura minti goma sha biyu na safe, tayar gaba ta hagu ta motarka ta fita muna cikin tafiya. Saura kamar taku ɗari biyu mu kai ƙofar asibitin da ake yi wa Inna gashin hannu da ƙafa. Ina giya ta biyu, allurar gudu ba ta kai ashirin ba. Sitiyari ya fara rawa a hannuna, sai na ji gaban motar ya dira ƙasa, sai ga taya ta wuce mu ita kaɗai, ta tsallake kwata, ta je ta kifar da teburin wani mai gyaran takalmi. Allah ya sa ba ya wurin. Inna ta bugu a kafaɗarta ta dama, ɓarin da ya shanye. An yi hoto, babu karaya, sai kumburi. Mai gashi ta ce ba za ta taɓa ta ba sai kumburin ya sauka.

Ga abin da ya samu motar. Cikin ƙusoshi biyar da taya ke hawa kansu, biyu sun karye, uku suna nan amma notinsu ya zube. Na bi titi a ƙafa na tsinci noti ɗaya. Faifan birki ya gogi kwalta. Mai facin da ke gefen asibiti ya ciro noti ɗai-ɗai daga tayoyin baya ya mayar da tayar, na jawo motar gida a hankali. Tafiyar minti goma sha biyar ta cinye min minti hamsin.

Yanzu bari in zo kan abin da ke cin raina.

Ranar 23 ga Mayu na rubuto maka cewa ina jin ƙara a ƙafar gaba ta hagu, ƙwal-ƙwal-ƙwal, tana ƙaruwa in na sha kwana, tana ɗaukewa in na taka birki. Na tambaye ka ko boris ɗin tayar ne ya fara ci. Na ce in ban ji daga gare ka ba, zan kai wa bakanike ranar Asabar 31 ga wata, duk da ka hana kowane bakanike taɓa maka mota. Amsarka ta iso ranar 30. Shafi biyu ka cika da labarin ruwan sama, da ciwon bayanka, da mai dafa muku abinci da ba ya jin gishiri. Can ƙasa, wurin da takarda ta kusa ƙarewa, ka ba motar layi ɗaya. Ga shi na kwafo yadda yake:

"Kukan kafar gaba ba wani abu ba ne, ki daure kawai."

To, na daure, Kawu. Na fasa zuwa wurin bakanike. Na daure ranar 2 ga wata, na daure ranar 5, yau ma na daure, ina jin ƙarar tana ƙaruwa ina ce wa kaina Kawu ya fi ni sani. Shekara talatin kana kwance injin manyan motoci kana mayarwa. Ni watana biyar da gama karatu, tuƙin ma kai ka koya min. In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda? Da a ce a kan babban titi ne, da manyan motoci a bayanmu, da wace takarda zan rubuto maka yau?

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Amma ina so ka gaya min dalilin da ya sa ka ce in daure. Zan ba direban kamfaninku wannan takarda in ya shigo ranar Juma'a.

'Yarka

*

Alhamis, 12 ga Yuni

Uwata,

Wa'alaikis salam in kin yi sallama, don ban ga takardarki ba tukuna. Ina lafiya in wannan lafiya ce. Ki gaishe min da Yaya, ki ce mata ina nan kamar in yi fiffike.

Gwaggonki ta bugo wayar ofis ranar Talata, aka kira ni daga ƙarƙashin katafila. Ta ce taya ta fita, mota ta kusa kifewa, Yaya ta karye. Daga nan layi ya yanke, ya ƙi dawowa. Kwana biyu ke nan ban ci abincin kirki ba.

Ke, ba na ce ki ɗaure ba? Baƙi da fari na rubuta miki! Ina jin bayanin ƙarar nan na san noti ne ya yi sako-sako, don boris ba ya yin shiru in an taka birki. Na ce ki ɗaure. Ki buɗe but ɗin bayan mota, ki ɗauko sifana, ki bi notin nan biyar ki ɗaure. Aikin minti uku. Yaron da ke goge gilashi ma ya iya. Shekara huɗu kina jami'a kina ƙidaya kan mutane da awakinsu, layi ɗaya na kawunki ya gagare ki bi? Ko dai kin karanta kin ce tsohon bakanike me ya sani, bari in duba littafi?

Lokacin da zan taho, kowa cewa ya yi kada in bar wa yarinya mota. Na ce wannan ba kamar sauran ba ce, wannan ko allura ta faɗi sai ta rubuta ƙarfe nawa ta faɗi. Kin sa bakina ya mutu a cikin dangi.

Kuma ina da tambaya, ki ba ni amsa ba kwana-kwana. Noti ba ya kwance kansa. Da hannuna na ɗaure tayoyin nan huɗu ranar da zan tafi, kuma abin da na ɗaure sai an sa bututu ake kwance shi. Wa ya taɓa tayar nan bayana?

Ki ba direba makullin motar ya kawo min. Ba shawara nake nema ba. Motar ta zauna inda take har in dawo a watan goma. Gashin Yaya a nemi motar haya. Ita kaɗai ta rage min a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya, ba zan zauna a nan ina jiran wayar ofis ta biyu ba.

Kawunki

*

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kumburin kafaɗar Inna ya ragu. Ba ta karye ba, motar kuma ba ta kusa kifewa ba. Gwaggo ba ta wurin, a bakin mai kanti ta ji.

Direba ya ba ni takardarka da ƙarfe sha ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa da hannu a miƙe har na gama karantawa. Motarka ce, na ba shi makulli. Ya tafi da shi tare da takardata ta ranar Litinin.

Da na kai kan "ba na ce ki ɗaure ba", sai da na zauna a kan dakali. Na ɗauko tsohuwar takardar na kai ta gaban taga. Ga abin da na gani, kuma ba zan ƙara ko in rage ba.

A cikin shafi biyun nan akwai kalmomi goma sha ɗaya da ya kamata su zo da d mai ƙugiya. Ka sa wa shida, ka bar biyar haka. Ka rubuta daki, ka rubuta kadan. A layin motar ma ka rubuta kafar, ba ƙafar ba. Ita kuwa kalmar da muke faɗa a kanta, ninkin takarda ya bi ta daidai kan harafin farko. Akwai ɗan ɗigon biro a wurin, bai kai ƙafar tururuwa ba. Na nuna wa malamar makaranta ta gidan gaba, ta ce daure ne. Na nuna wa mai kantin magani, ya ce ɗaure ne. Na nuna wa Inna, ta ce ita ƙazantar rubutu kawai take gani.

A ce ma ƙugiyar tana nan, Kawu. Ɗaure me? Ina ka rubuta noti? Ina ka rubuta sifana? Abin da ka rubuta da kyau, wanda ba ninki a kansa, shi ne "ba wani abu ba ne". Ka san taya na iya fita, ka san yayarka ce a ciki, amma mai dafa abinci ya samu rabin shafi, noti bai samu sunansa ba.

Sai amsar tambayarka. Ni na taɓa tayar. Ranar Alhamis 15 ga Mayu ƙusa ta huda ta a harabar asibiti, mai faci bai fito ba, Inna tana zaune a rana. Na ɗaga motar da jak, na hau kan sifana da ƙafata na kwance notin, na sa safaya. Na ɗaure su motar tana kan jak, tayar tana juyawa a hannuna, na bi su ɗaya bayan ɗaya a zagaye. Da na sauke motar ban sake bi ta kansu ba, don ban san ana yi ba. Kuma ban rubuta maka wannan ba ranar 23 ga Mayu. Na rubuta maka ƙarfe nawa ƙarar ta fara, na bar abin da ya jawo ta. Tsoron "wa ya aike ki" ne ya hana ni. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai ka ɗora min ba.

Amma makullin nan ba ni ka hukunta da shi ba. Mai gashi ta gaya mana tun farko cewa wata shida na farko su ne hannu ke dawowa in zai dawo. Inna tana cikin na huɗu. Ranar 26 ga Mayu babban yatsanta da manuni suka riƙe cokali karon farko, ta kai shi baki sau biyu. Da makulli yana hannuna, da gobe bakanike ya sa ƙusoshi, da Litinin muna asibiti.

Na karanta wa Inna takardarka. Bakinta bai gama saki ba, amma ga abin da ta ce in rubuta, kalma da kalma: "Ki ce wa Auta, shi da na goya yana min fitsari a baya, yau shi ne mai kulle min hanya? Tun yana aji uku nake dukan hannunsa a kan rubutun nan kamar kaji sun yi tono. Mota ba ta kashe ni ba, shi kuma zai kashe min hannu daga can."

'Yarka

Ƙari, Juma'a 20 ga Yuni. Direba bai zo ba. An ce ruwa ya cinye gadar hanyarku. Na buga wayar ofishinku sau uku, ba ta shiga. Ranar Litinin 16 ga wata na tsayar da motocin haya huɗu. Uku suna ganin keken guragun da nake tura Inna a kai suka ja gaba. Na huɗu ya ɗauke mu, ya tsaya ɗibar fasinja a hanya, muka isa a makare da minti arba'in, an ba wani layinmu. Inna ta yi kuka a kan benci. Ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba. Jiya ta ƙi fita.

Ƙari, Juma'a 27 ga Yuni, a tsaye nake rubutawa. Jiya mun samu shiga gashi, sau ɗaya tun ranar haɗarin. Direba ya zo yanzu, ba takarda, ba makulli. Ya ce ka karɓi takardata ta farko tun ranar 14, ka karanta a gabansa, ka sa a aljihu. Mako biyu, Kawu. Na gode.

*

Laraba, 2 ga Yuli

Uwata,

Wa'alaikis salam. Bayana ya yi sauƙi. Ki ce wa Yaya na ji saƙonta, direba ma ya ji, don da ƙarfi na karanta ban san abin da ke gaba ba. Yanzu duk gareji Auta suke kirana.

Ƙugiyar tana nan. Ni na rubuta, na san abin da hannuna ya yi. Kada ki sake kai takardata gidan maƙwabta ana duba ta kamar fitsarin mara lafiya.

Kin ɗaure taya a kan jak! Kin bi noti a zagaye kamar mai ɗinkin maɓalli! Sannan kika rubuto min takarda mai ƙarfe da minti, kika ɓoye abu ɗaya da ya kamata in sani. Da kin ce "Kawu, na canza taya", da shafi biyun duk a kan noti za su ƙare, da babban baƙi. Wanda ya canza taya da kansa ba a ce masa wa ya aike ka. Ana ce masa zo in nuna maka sauran.

Shirun da na yi, ba ni da abin cewa. Na karanta "na daure, na daure, na daure", zuciya ta ɗebe ni, na rasa ko ke zan yi wa faɗa ko kaina. Ranar da direba zai taso makullin yana aljihuna, na taɓa shi, na bar shi. Ban san maganar wata shida ba. Ko an faɗa a gabana ban riƙe ba. Ban san mai haya zai ga keken Yaya ya wuce ba, Allah ya isa tsakanina da su.

Ga makulli. Ga ƙusoshi biyar sababbi da notinsu, ga bututun da za ki zura wa sifana. Ki canza duka biyar, ukun da suka rage ma sun wahala. Ki tokare tayoyin baya da dutse. Ki ɗaga motar, ki sa kututture a ƙarƙashinta, kada ki yarda da jak shi kaɗai. Bayan faifan akwai noti biyu da ke riƙe da kan birki, ki kwance su, ki rataye kan birkin da waya, kada ya yi lilo a jikin robar man birki. Ki zare faifan. Ki buge tsofaffin ƙusoshi da guduma su faɗa baya. Ki zuro sababbi ta baya, ki ja kowace da noti har kanta ya zauna daram. Ki mayar da komai yadda kika same shi. Ki mayar wa tayoyin baya notinsu.

Noti ana bin sa ne a tsallake: na sama, na ƙasa, na gefe, na ɗaya gefen. Ki sauke motar ƙasa, sannan ki ƊAURE. Ga ƙugiya nan na yi mata kamar ta mahauci, in ninki ya isa ya cinye ta. Kafin ki motsa ki taka birki sau biyar har ya yi tauri. In kin isa asibiti ki sake ƊAUREWA.

In kina so mai facin nan ya tsaya a kanki, ya tsaya. Amma hannunki nake so ya yi, don ke za ki tuƙa.

Kawunki

*

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Saƙo ya iso ranar Juma'a, komai cif: makulli, ƙusa biyar, noti biyar, bututu.

Na yi aikin ranar Asabar, daga bakwai da minti goma na safe zuwa biyu saura. Mai faci ya zo ya zauna a kan bokiti, bai taɓa komai ba sai baki. Ƙusa ta huɗu ta ƙi fita, sai da na zuba mata baƙin mai na jira rabin awa. Ba ka faɗi cewa faifan zai manne da tsatsa ba, sai da na bubbuga shi ta baya da katako. Na ɓare fatar yatsu biyu. Na bi noti a tsallake, na sauke motar, na ɗaure da bututu har mai faci ya ce, "Ya isa haka, 'yar nan, wani ma zai so ya kwance wata rana." Na zaga unguwa sau uku ni kaɗai. Babu ƙara.

Yau mun je asibiti. Inna ta ƙi zama a gaba, ta ce a sa ta a baya, a ɓangaren da ba tayar ba. Muna isa ta ce, "Sauka ki duba abin naki." Na sauka na bi notin biyar a gaban masu gadi. Ɗaya ya ɗan motsa, kamar faɗin farce. Sauran ba su motsa ba.

Tun ranar haɗarin ranakun gashi takwas suka wuce, mun samu ɗaya. Biyu kafaɗa ce ta hana. Biyar makulli ne. Mai gashi ba ta gaishe ni ba. Ta miƙa wa Inna cokali. Babban yatsa ya kama, manuni ya ƙi lanƙwasa. Cokalin ya faɗi sau uku, a na ukun Inna ta ce a bar shi a ƙasa. Mai gashi ta juyo ta tambaye ni, "Wata guda zuwa ɗaya, kuna ina?" Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga ba zan iya cewa harafi ne ba.

Ba na son ka ɗauka na huce. Ban huce da kai ba, ban huce da kaina ba. Na dai ga ya kamata ka san inda muke, da abin da har yanzu ban sani ba:

1. Ko ɗigon nan ƙugiya ce ko bakin biro ne ya zubar. Na daina dubawa, takardar ta fara yagewa a wurin.

2. Ko gogar da faifan birki ya yi a kwalta za ta dame mu. Ina jin ɗan karkarwa a ƙafata in na taka da ƙarfi, amma mai yiwuwa ƙafar tawa ce.

3. Ko da ka rubuta "noti" ranar nan, zan iya ɗaure shi yadda ya kamata, tunda ban san a ƙasa ake yi ba.

4. Ko Inna za ta yarda ta fito ranar Alhamis. Tun da muka dawo ta juya wa ƙofa baya.

5. Ko manunin zai dawo. Mai gashi ta ce in sake tambayar ta bayan mako shida, kuma kada in sa rai da yawa.

6. In bai dawo ba, ban san yadda ni da kai za mu zauna da ita a kan tabarma ɗaya muna ci da hannunmu, ana ba ta a baki ba.

'Yarka